SHIN ANA KOYAR DA TAUSAYI?

Gabatarwa

Akwai karin magana guda biyu da kowannenmu ya tashi yana ji, waɗanda in mutum ya jera su zai ga ba sa ga maciji da juna. Hausawa suka ce hali zanen dutse, ba mai kankare shi. Su ɗin dai kuma suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, in hali zanen dutse ne, wahalar me iyaye da malamai suke sha dare da rana a kan tarbiyya? In kuwa ana iya tanƙwara shi, da me ake tanƙwarawa, wa kuma ya cancanci ya kama reshen?

Wannan tambaya tsohuwa ce ƙwarai. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aflatun, masanin nan na ƙasar Girka, ya buɗe ɗaya daga cikin littattafansa da ita, watau ko nagarta abar koyarwa ce. Ni dai ba littafi ne ya jefa ni cikinta ba, wani kuskure ne da na tafka a lokacin da aka tura ni gwajin koyarwa, wanda har yanzu in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Amma kafin in kai ga wannan, bari in fara gaya wa mai karatu inda na samo dabarar da na so in kwaikwaya.

Masu fasaha a cikin aji

A ƙasar Amurka akwai wasu mutane da ake kira da sunan da za mu iya fassarawa da masu fasaha masu koyarwa. Ba malaman aji ba ne. Makaɗa ne, da 'yan wasan kwaikwayo, da masu zane, da masu rawa, da marubuta waƙa, waɗanda suke cin abinci da sana'arsu, amma sukan ware wani lokaci su shiga makarantun firamare su yi aiki da yara, wani sa'i mako 6, wani sa'i mako 10 ko fiye. Ƙungiyar Young Audiences tana kai masu fasaha makarantu tun 1952. A 1975 kuma aka kafa wata cibiya a Lincoln Center ta birnin Niyok don wannan aiki, inda wata masaniyar falsafa mai suna Maxine Greene ta shafe fiye da shekara 30 tana yi wa malamai jawabi. Abin da ta riƙa nanatawa shi ne, ikon nan na ƙiyasta abin da ba ya gabanka shi ne ƙofar tausayi, domin wanda bai iya ƙiyasta halin da wani yake ciki ba, ba yadda za a yi ya ji masa.

Daga baya wani sabon tunani ya shigo ya haɗu da wannan. A 1994 aka kafa ƙungiyar CASEL, shekara guda bayan haka kuma littafin Daniel Goleman ya fito ya yaɗa maganar cewa iya sarrafa zuciya wani irin hankali ne mai zaman kansa. Ƙungiyar ta kasa abin gida 5: yaro ya san kansa, ya iya riƙe kansa, ya fahimci halin da wasu suke ciki, ya iya zama da mutane, ya kuma iya yanke shawara ta gari. Masu fasaha suka ce ai wannan aikinmu ne tun da can. Yaron da yake kiɗa cikin ƙungiya tilas ya saurari na kusa da shi, in ba haka ba kiɗan ya ɓaci. Yarinyar da aka ba ta ta fito a matsayin tsohuwa tilas ta tambayi kanta yadda tsohuwa take ji in ta zo miƙewa. Wanda zanensa ya lalace tilas ya koyi haɗiye fushi ya sake wani.

Duk wanda ya dubi jerin nan zai ga ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1974 Baturen nan Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye irin su gaskiya, da amana, da karamci, da haƙuri, da hankali, da kunya, da ladabi, da mutunci. Sunaye ne suka bambanta, buƙatar kuwa ɗaya ce. Abin da ya rage shi ne a san ko kiɗa da zane da wasan kwaikwayo suna iya dasa waɗannan halaye.

Hujjar masu cewa ana koyarwa

Aristo, almajirin Aflatun, yana ganin ba a haihuwar mutum da nagarta, ba a kuma zuba masa ita ta kunne. A ganinsa kamar yadda magini ke zama magini ta yin gini, haka mai adalci ke zama mai adalci ta yin adalci, yau da gobe har abin ya bi jikinsa. In haka ne, tausayi sana'a ce, sana'a kuwa tana bukatar wurin koyo. To, a ina yaro zai gwada tausayi? Ba za a jira sai uwar abokinsa ta rasu ba sa'an nan a ce masa zo ka koyi ta'aziyya. Wasa shi ne wurin da zai shiga cikin baƙin ciki ya fito ba tare da ya yi asarar kome ba.

Akwai kuma shaida ta bincike. A birnin Hustan na jihar Teksas, wasu malaman jami'a biyu, Daniel Bowen da Brian Kisida, sun bi diddigin makarantu 42 da yara fiye da 10,000, daga aji 3 zuwa aji 8. Ƙuri'a aka jefa, wasu makarantun suka sami ƙarin kuɗi don kawo masu fasaha da kai yara kallon wasanni da gidajen zane, sauran kuwa suka ci gaba yadda suke. Da sakamakon ya fito a 2019, sai aka ga a makarantun da suka sami ƙarin, yawan yaran da aka rubuta wa laifi ya ragu da kashi 3.6 cikin 100 na dukkan yaran, rubutun insha'insu ya inganta, kuma amsoshinsu a kan tausaya wa wasu sun ɗan ɗara na sauran. A lissafi da kimiyya ba a ga wani bambanci ba, watau lokacin da aka ba fasaha bai ƙare su ba, bai kuma rage su ba.

Wannan shaida ce mai nauyi, tun da ƙuri'a ce ta raba makarantun, ba son ran wani ba. Sai dai ya kamata mu lura da abu guda. Tausayin da aka auna, a kan takarda aka auna shi. An tambayi yaro ne ko yana son taimakon wanda ake zalunta, ya ce i. Tsakanin i ɗin nan da miƙa hannu akwai tafiya, a nan ne kuma masu suka suke jiran mu.

Hujjar masu suka

Shi Aflatun bai yarda da mawaƙa da 'yan wasa ba, har ya ce a garin da yake mafarkin kafawa yawancinsu ba su da wurin zama. Dalilinsa kuwa ba raini ba ne, tsoro ne. Yana ganin abin da yaro ya yi ta kwaikwayo, a kwana a tashi zai zama halinsa, mai kyau ne ko maras kyau. Mu ma in muka dubi tashen da yara ke yi a watan azumi za mu ga gaskiyarsa. Yaron da ya liƙa gemun auduga ya fito yana dogara sanda yana iya sa mai kallo ya tuna da tsohon da ke gidansu. Amma a cikin tashen ne kuma ake bin gwauro da kiɗa ana yi masa ba'a a bainar jama'a. Ganga ɗaya ce take kaɗa duka biyun.

A 1758 Ruso ya rubuta wata doguwar wasiƙa yana ƙin a gina gidan wasan kwaikwayo a garinsu Janiba. Cikin hujjojinsa har da cewa hawayen da mutum ke zubarwa a wurin kallo hawaye ne mai araha: ya yi kuka don wanda babu shi, ya fito yana jin ya sauke nauyin da ke kansa, alhali bai ba kowa ko anini ba. Wiliyam Jems, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya kawo misalin da ya fi wannan ciwo a littafinsa na 1890. Ya ba da labarin wata attajira 'yar Rasha da take zaune cikin gidan wasa tana sharɓar kuka saboda mutanen cikin wasan, mai tuƙa mata keken doki kuwa yana waje sanyi na neman kashe shi. Jems yana ganin duk sa'ad da zuciya ta motsa ba a bi ta da aiki ba, to, mutum yana koya wa kansa ne ya ji ya share, har abin ya zame masa jiki. Maganin da ya bayar shi ne, kada mutum ya bar wani motsin zuciya ya wuce bai aikata wani alheri ba, kome ƙanƙantarsa, ko da tashi ne ya ba wani wurin zama.

Na san duk waɗannan maganganu kafin in tafi gwajin koyarwa, har na amsa tambaya a kansu a jarrabawa. Amma Hausawa sun ce jiki magayi.

Abin da ya same ni

An tura ni wata makarantar firamare a bayan gari, aka ba ni aji 4, yara sun haura 70. A cikinsu akwai wata yarinya da kullum sai an yi nisa da darasin farko take shigowa, a guje, hannunta duk maiƙo. Ƙosai take kai wa uwarta talla da sassafe, sai ta sayar take zuwa. In ta shigo sai aji ya kwashe da dariya, wasu su toshe hanci. Abin ya dame ni. Na yi faɗa, na yi nasiha, na ɗaga bulala, duk a banza.

Sai na tuna da abin da na karanta game da Amurka. Ina da aboki a sashen wasan kwaikwayo, gwani ne ƙwarai, na roƙe shi ya zo ya taimake ni. Muka zauna dare ɗaya muka tsara ɗan wasa a kan wata yarinya mai tallar ƙosai, ubanta ba lafiya, tana makara, 'yan ajinsu suna yi mata dariya. Ranar Alhamis ya zo, ya zaɓi yara 5 ya koya musu, suka yi wasan a gaban aji. Wallahi ya yi kyau. Da aka zo inda yarinyar cikin wasan take ƙirga kuɗin cinikinta tana kuka don bai kai na magani ba, na ga yara da yawa suna share ido. Na dubi abokina, ya dube ni, muka ce aiki ya yi. Na raka shi ya hau babur ya tafi.

Ban dubi inda ya kamata in duba ba. Ita yarinyar tana can ƙarshen aji, ta kifa kanta a kan benci tun daga farkon wasan har ƙarshensa. Da aka fita tara, sunan da muka laƙaba wa yarinyar cikin wasan ya riga ya bi ta. Yaran da suka yi kuka ɗazu, wasunsu su ne suke kwaikwayon ƙirgar kuɗin a gabanta. Waɗanda ba su yi mata ba'a ba kuwa suka kewaye ta suna tambaya ko da gaske babanta zai mutu. Ranar Juma'a ba ta zo ba. Litinin ba ta zo ba, Talata ma haka. Garin neman gira na rasa ido.

Malamar ajin, wata dattijuwa da ta kusa ajiye aiki, ba ta ce mini kome ba sai ranar Talatar nan, bayan an tashi. Ta ce, "Malam, zo mana." Na zo na rusuna. Ta ce, "Wasanku ya yi kyau. Amma kafin ku yi, wa ya tambayi yarinyar nan?" Na ce, "Malama, ai ba mu ambaci sunanta ba." Ta ce, "Ɗan nan, in ka zana mutum da tirensa a ka, sai ka rubuta suna? Da dariya kawai suke yi mata, tana da sirrinta. Yanzu ka kwance mata zane a kasuwa, ka kuma ce su tausaya mata. Kai za ka so a tausaya maka haka?" Na rasa ta cewa.

Da yamma ita ce ta tafi gidansu, ba ni ba. Ban san abin da suka tattauna da uwar ba, amma ranar Alhamis yarinyar ta dawo. Abin da Malama ta yi bayan haka ba shi da wani armashi a ido. Ta mai da darasin lissafi bayan tara don kada ya riƙa wuce ta. Ta lura yarinyar ta fi kowa saurin lissafin canji, sai ta sa ta riƙa duba aikin 'yan layinsu. Duk ranar Juma'a kuma takan ware minti 20 a yi tatsuniya, yara su tashi su kwaikwayi abin da aka faɗa, kowa da juyinsa, ba wanda ake tsallakewa. Ranar da juyi ya zo kan yarinyar, sarauniya ta fito. Kafin in gama wa'adina dariyar ta ragu ƙwarai, ko da yake ba zan ce ta ƙare ba.

Abin da na fahimta

Na daɗe ina juya abin nan a raina, ga kuma inda na tsaya. Tausayi ana koyar da shi, fasaha kuma tana cikin manyan hanyoyin koyar da shi, amma bisa sharaɗi biyu, ni kuwa duka biyun na karya.

Sharaɗi na farko shi ne sakaya. Ƙarfin wasa yana cikin nisan da yake sawa tsakanin yaro da ciwonsa. Kakanninmu da suke ba mu tatsuniyar marainiya da kishiyar uwarta sun san sarai cewa a cikin masu sauraro akwai marainiya, amma ba su taɓa nuna ta da yatsa ba. Ita ta ji an faɗi abin da ke ranta, sauran sun ji mata ba tare da sun san ita ce ba, kowa ya tashi da mutuncinsa. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu, inda ake tarbiyyar yaro a kan kunya da kawaici. Tsarin da zai ce wa yaro tashi ka gaya wa aji abin da ke damunka yana iya dacewa da wasu wurare, a nan kuwa sai a yi hattara. Yaron da ba zai taɓa cewa yana jin tsoron babansa ba yana iya zana kura da ɗan akuya, mai hankali kuma ya gane. Ni na cire sakayar, na mai da yarinya abin darasi. Tausayin da ya ci mutuncin wanda ake tausaya wa ya tashi daga tausayi, ya koma kallo.

Sharaɗi na biyu shi ne aiki ya biyo baya, wannan kuwa sai da wanda zai zauna. Baƙo raɓa ne. Abokina ya motsa zukata ya hau babur, ya bar su a motse, ba wanda ya nuna musu inda za su kai abin da suka ji. Yaro ɗan shekara 9 in zuciyarsa ta cika bai san yadda zai yi da ita ba, ba'a ita ce ƙofar da ta fi kusa da shi. Shi ya sa a shirye-shiryen da suka amsa sunansu a Amurka, irin na cibiyar Niyok da na ambata, mai fasaha ba ya faɗowa aji haka kawai. Sai ya zauna da malamin aji sun tsara tare, ya kuma yi ta dawowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga baya na karanta labarin Vivian Paley, wata malamar ƙananan yara a makarantar Jami'ar Shikago, wadda ta rasu a 2019, na ga ashe hanyarsu ɗaya da Malama, ko da yake ba wadda ta san da wata. Ita Paley kullum takan sa yara su faɗa mata labarin da suka ƙaga, ta rubuta, sa'an nan aji ya tashi ya kwaikwaya. Ba ta tsaya nan ba, ta kafa doka a ajinta cewa ba yaron da zai hana wani shiga wasa, ta kuma rubuta littafi a kan yadda yaran suka yi ta jayayya da dokar, ya fito a 1992. Labari yana motsa zuciya, doka tana ba zuciyar aikin yi, malama kuma tana nan gobe da jibi tana lura. Abin da Jems ya nema ke nan, shi ne kuma yau da goben da Aristo yake nufi.

Wani zai ce, to, in haka ne me za a yi da mai fasaha, tun da malamin aji ya isa? A nawa ganin bai isa ba. Abin da abokina ya yi cikin rabin sa'a, na sa yara 70 su yi tsit su ji ciwon wani, na yi mako 3 da nasiha da bulala ban yi ba. Gwaninta gaskiya ce, malamin da yake fama da darussa da yawa da rajista ba zai same ta a sama ba. Laifin ba na wasan ba ne, nawa ne da na ɗauki wuƙa mai kaifi ban tambayi inda zan yanka ba.

Kammalawa

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muke cikin wannan ƙungiya muke rubuta waƙa da wasa, da yawanmu kuma aji ne zai karɓe mu. Mu shiga makarantun firamare da abin da muka iya, yaran suna bukatarsa. Amma kafin mu shiga, mu fara gaida malamin ajin mu tambaye shi wane ne a ciki yake ɗauke da miki. Mu sakaya. Mu kuma tambayi kanmu wa zai kasance a wurin ranar Litinin.

Game da karin maganar nan biyu kuwa, yanzu ba na ganin suna faɗa da juna. Hali yakan zama zanen dutse, amma kafin ya zama, wani ne ya riƙe abin zanen. Na taɓa riƙe shi sau ɗaya hannuna ya goce a kan 'yar mutane. Ranar da zan bar makarantar na so in ba ta haƙuri, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce ta gaida mamanta. Ta ce, "Za ta ji, Malam." Ta ɗauki tirenta da ta ɓoye a bayan ƙofa ta tafi.